Ebbe da Gishirin Ƙahon Barewa

Mijina Ebbe Lausten shekara talatin da ɗaya ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na makarantar gundumarmu, amma in ka ji shi yana zuba a shagon aski sai ka rantse shi ya ƙirƙiro ilimin sinadarai, malaman kuwa rakiya suka yi masa. Da ya yi ritaya bai dawo gida da komai ba sai farar rigar aiki guda, da tabarau na kare ido, da hancin da ya mutu murus. Hancin ma abin taƙama ne a wurinsa. Yakan ce hancin da ya shaƙi irin abin da nasa ya shaƙa ya wuce jin warin ƙananan abubuwa. Ni dai Dagny, da na yi shekara arba'in da ɗaya ina fama da shi, na san ko madara ta lalace sai na fizge kofin daga hannunsa.

A ƙauyenmu, nan bakin iyakar Jamus, babu ranar da ta kai Lahadin ƙarshe ta Afrilu, ranar teburin kofi a zauren taro. Kek bakwai masu laushi, biskit bakwai masu ƙaras-ƙaras, kowanne da gidan da ke kawo shi, kowanne da mazauninsa a kan tebur. Mazauni na farko, dab da butar kofi, namu ne: kek ɗin baƙin burodi mai kirim da jam. Kakata ta riƙe shi, uwata ta riƙe, ni ma na riƙe shekara ashirin da shida, duk a kan faranti ɗaya mai shuɗin baki da ya ɗan tsage a gefe. Dokar kwamiti biyu ce rak. Dole ɗan gida ne zai gasa da hannunsa. In kuma aka tashi ba a ci rabin naka ba, ka sauka ƙarshen tebur, na ƙarshe ya haye mazauninka, kowa ya gaji abin da ɗayan ke kawowa.

A can ƙarshen kuwa wani ɗan siririn biskit ne da ake kira Ba Komai. An raɗa masa sunan ne saboda baƙon da cikinsa ya cika, in aka ce me zai ƙara ya ce ba komai, sai a miƙa masa. Metha Nissen ce ke kawo shi, shekara tara ke nan, kuma duk shekara taran nan bakinta na gaishe ni, idonta na kan farantina.

Saura kwana shida na zame a ƙofar akurkin kaji, na karye a wuyan hannun dama. Muna dawowa daga asibiti na zauna a kicin ina kallon ɗorin, hawaye na neman zubo mini. 'Yarmu tana can Kanada. A gidan nan hannu biyu ne suka rage masu lafiya, kuma duka biyun na Ebbe ne.

Ya ce, "Dagny, share hawayenki. Mene ne kek? Sinadarai ne da suka sa hular kirim."

Na ce, "Ebbe, ko ƙwai ba ka taɓa dafawa ba."

"Don ba a taɓa ba ni fili ba ne. Saurara ki ƙaru. Canjin sinadarai iri huɗu ne: haɗuwa, rarrabuwa, musanya, ƙonewa. Girki kaf ɗinsa haɗuwa ne. Ki zuba wannan a kan wancan, ki juya, shi ke nan. Abin da mata ke ta yi wa kuri ke nan shekara da shekaru."

Ya saka farar rigarsa, ya ɗora tabarau a goshi, ya shiga buɗe mini kabad ɗaya bayan ɗaya kamar ma'aikacin kwastan. Ya ɗauko wata 'yar kwalba ya girgiza.

"Wannan fa?"

"Ajiye. Gishirin ƙahon barewa ne. Shi ke sa biskit siriri ya tashi, ba a sa shi a kek."

"In ji wa?"

"In ji uwata, in ji kakata, in ji duk macen da ta taɓa kunna tanderu a ƙasar nan."

Ya taɓe baki ya mayar. Sannan ya bayyana mini sauran shirin, wanda ya fi karayar hannun ɗaga mini hankali. Ba kek kaɗai zai yi ba. Zai yi wanda ba a taɓa ganin mai tsayinsa ba, kuma kafin a yanka zai miƙe ya yi wa jama'a bayanin yadda aka yi, a gaban Malama Tove Skau. Ita ce malamar sinadaran da ya yi wa wankin kwalabe duk shekarun nan, yanzu ta yi ritaya, gidanta na bayan shingenmu, ita ce kuma shugabar kwamitin tebur. Ebbe ya ce lokaci ya yi da gari zai san wane ne ainihin mai ilimin a ɗakin nan.

Ranar Talata ya ce kek irin nasa sai da kambi na narkakken sukari. Ya juye rabin buhu a tukunyata ta tagulla, ya ɗora a wuta, ya wuce falo yana gwada jawabi a gaban madubi. Ina kwance ina jin sa yana cewa, "Jama'a, masu girma, da ke Malama," sai ƙararrawar hayaƙi ta ɗauka. Na fito na tarar kicin ba a ganin tafin hannu, wani baƙin abu ya kumburo daga tukunya yana huci. Da na buɗe taga, kan Malama Tove na fara gani a saman shinge, da almakashin yankan fure a hannunta.

Ta ce, "Sannunku. Ebbe, me ka zuba a tukunyar?"

"Sukari."

"Da me?"

"Shi kaɗai."

"Me ya fito?"

Ya leƙa. "Gawayi. Da ɗan tururi."

"To. Abu ɗaya ya shiga, biyu suka fito. Wane iri ke nan?"

"Haɗuwa."

"Me ya haɗu da me?"

"Sukari da tukunya."

Ni da ba na son dariya a lokacin sai da ta ƙwace mini. Ya ga haka ya sake sheƙa, ya ce ƙonewa yake nufi, hayaƙi ne ya sarƙe masa harshe. Malama ta tambaye shi ko ya ga harshen wuta. Ya ce wutar ta ciki ce, ba kowane ido ke ganinta ba.

Ta ce, "Ebbe, abin da nake faɗa wa yara ke nan duk shekara kana tsaye a bayansu da soso. Ba abin da hannunka ya zuba za ka duba ba. Ƙirga abin da ya shiga, ƙirga abin da ya fito. In ɗaya ya shiga da yawa suka fito, rarrabuwa ce."

Tana juya baya ya ce hassada ce ke cin ta tun da can. Tukunyar kuwa har yau tana bayan gida, na dasa albasa a ciki.

Ranar Alhamis ya ce takardar girkin uwata ta tsufa, babu yis a ciki, shi zai gyara. Ya kwaɓa yis da ruwan ɗumi a babban kwano, ya juya zai ɗauko jam, kwalbar ta suɓuce ta yi masa ado daga wuya har gwiwa. Farar rigar nan da zai yi jawabi da ita ta koma kamar ta mahauci. Ya ɗauko babbar kwalbar haidurojin ta wanke ciwo, don ya ce ita ke cire tabo, ya tsiyaya sabulun wanke-wanke, ya rasa inda zai jiƙa rigar, sai ya juye duka a kwanon yis.

Daidai lokacin Metha ta ƙwanƙwasa, wai ta zo duba hannuna. Ta shigo da 'yar furenta, idonta na yawo a kan kantoci. Muna isa ƙofar kicin kumfa ta riga mu. Ta cika kwano, ta bi tebur, ta sauko ta ƙafar kujera tana tafiya a hankali kamar mai neman wani, ta zo ta rufe wa Metha takalmanta na zuwa coci.

Metha ta ce, "Ikon Allah. Ebbe, wanka ake yi wa kek ɗin kafin a gasa?"

"Gwaji nake yi, Metha. Ba kowa zai gane ba."

"Ai kuwa ban gane ba. Dagny, 'yar uwa, in kin ga abin zai yi miki nauyi ki faɗa, kar ki ji kunya. Ni mazaunin farko ba ya ba ni tsoro."

Na ce, "Na sani. Shekara tara kina auna shi da ido, ai kin san faɗinsa."

Kumfar ba ta tsaya ba sai da ta fita ta ƙofar baya, inda ta yi kiciɓis da Malama Tove da ta leƙo jin hayaniyarmu. Ebbe bai jira an tambaye shi ba.

"Wannan kam haɗuwa ce, Malama, ko ke ba ki isa ki musa ba. Abu uku na zuba. Uku!"

Ta dangwala yatsa a kumfar ta duba. "Yis ɗan zuga ne kawai, yadda ya shiga haka zai fita. Sabulu kuma tarko ne, shi ya kama iskar. Wanda abin ya faru a kansa haidurojin ne: ya rabu ya zama ruwa da iskar da muke shaƙa. Ɗaya ya shiga, biyu suka fito. Ka sake faɗuwa."

"A ɗakin gwaji ba haka muke kiransa ba."

"A wane ɗakin? Nawa?"

Ya yi kamar bai ji ba, ya shiga neman tsumma.

Juma'a da Asabar ya gasa kek huɗu. Takardar uwata ta ce a yi shi fale-fale gida uku, a jera da kirim a tsakani. Shi ya ce wannan aikin matsorata ne, dunƙule ɗaya zai yi. Na farko ya fito kamar tafin takalmi. Na biyu waje ya ƙone, ciki kunu. Na uku kaji suka zagaye shi suka wuce. Na huɗu ya ɗan yi kama da kek, har na ce a tsaya a nan, mu shafe shi da kirim mu roƙi Allah. Ya ce shi Ebbe Lausten ba zai kai wa jama'a abin da bai kai tsayin kofi ba. Garin gwaje-gwajen nan ya ƙarar mini da bekin foda kaf, ga shi kanti ya rufe sai Litinin.

Ya ce, "Kar ki damu. Tanderun gidan nan ne ƙarami, shi ke danne mini basira. Gobe da sassafe zan gasa a babban na zauren taro. Ke dai tafi coci ki yi mini addu'a, ko da yake ba na bukata."

Na tafi cocin, na kuma yi addu'ar da ban taɓa yin mai tsawonta ba. Da na dawo canza kaya na buɗe kabad zan ɗauki maganin ciwo, sai na ga wurin 'yar kwalbar nan wayam. Gishirin ƙahon barewa ɗan kan cokali ake sa wa kwano guda na biskit, kuma in yana gasuwa sai ka buɗe taga. Kwalbar a cike take, ta isa biskit ɗin Kirsimeti uku.

Na isa zauren da ƙarfe biyu, ina haki. Tun daga bakin ƙofa na ji shi. Wani wari ne mai hawa kai, mai tsinke hanci, irin na garken da aka yi wata ba a share ba. Tagogi duk a buɗe, mata na fifita da takardun waƙa, kuma gaba ɗaya an yi wa mutum guda caa: Verner mai kiwon aladu, wanda gonarsa ke bayan zauren.

Wata ta ce, "Haba Verner! Duk kwanakin duniya sai yau za ka watsa taki?"

"Wallahi ban watsa ba! Motar ma tana gareji tun Laraba."

"To daga ina? Daga sama?"

"Ku shinshina ni mana! Wanka biyu na yi!"

Ebbe na tsaye a tsakiya cikin farar rigarsa mai shatin jam, yana girgiza kai. Ya dafa kafaɗar bawan Allah ya ce, "Verner, ni dai ban ji komai ba, amma in jama'a sun yi magana a riƙa saurara. Manomi ya kamata ya san ɗan abin da ya shafi sinadarai. Ka zo gida wata rana in koya maka."

Sai na hango kek ɗin. Gaskiya ɗaya ce, ya tashi. Yana zaune a kan farantin uwata kamar ganga, ya fi butar kofi tsayi, an lulluɓe shi da kirim ta ko'ina ba ko 'yar kafa. Mutane na ɗaukar hoto. Metha ta yi tsuru-tsuru a can ƙarshen tebur da 'yan biskit ɗinta. Na ja Ebbe gefe da hannuna mai lafiya.

"Nawa ka zuba?"

"Na me?"

"Kar ka raina mini hankali. Gishirin."

"Duka. Kin ga aiki ko? Abin da ku mata kuka ɓoye a kabad shekara ɗari kuna tsoro."

"Ka ɗanɗana?"

"A ɓata kwalliyar? Dagny, je ki zauna, ki shirya karɓar gaisuwa."

Na so in ɗauke farantin in gudu, to da wane hannun? Kafin in yi wani tunani an fara waƙar buɗe taro, kowa ya zauna, an zuba kofi. Mutum tamanin da 'yan kai. Ana gama waƙa Ebbe ya buga cokali a jikin kofi ya miƙe.

"Jama'a, masu girma, da ke Malama. Abin da kuke gani a gabanku ba girki ba ne, ilimi ne. Canjin sinadarai iri huɗu ne, amma sarkinsu haɗuwa. Burodi, ƙwai, sukari, da wani sirri nawa, na haɗa su suka zama abu ɗaya, dunƙulalle, wanda ba mai raba shi. Shekara talatin da ɗaya ana ce mini Ebbe wanke wannan, Ebbe goge wancan. Yau ga amsata."

Aka tafa, don mutanenmu ko tari ka yi a tsaye sai sun tafa maka. Ya ɗauki wuƙa ya luma tun daga sama har ƙasa, ya zaro yanka na farko.

Abin da kirim ya rufe tun safe ya samu ƙofa. Na ga furen da ke kusa da farantin kamar ya sunkuya. Waɗanda ke layin gaba suka ja baya da kujerunsu lokaci ɗaya, ƙiii. Ebbe bai lura ba, ya ɗora yankan a faranti ya miƙa wa Fasto, don shi ake fara ba. Fasto mutum ne mai kunya, bai taɓa mayar da abincin kowa ba. Ya yanki ɗan kaɗan ya kai baki. Idanunsa suka kawo ruwa, kunnuwansa suka yi ja, ya riƙe gefen tebur.

Ebbe ya ce, "Kun gani? Har hawaye. Faɗa musu, Fasto."

Fasto ya buɗe baki, muryar ta ƙi fita. Da ƙyar ya ce, "Ruwa."

Verner ne ya taso daga inda aka rakuɓe shi. Ya matso, ya sunkuya a kan kek ɗin, ya ja numfashi ɗaya irin na wanda ya san aikinsa, ya ɗago.

"Jama'a! Ga garken nan a kan tebur! Tun ɗazu kuke cin mutuncina! Aladuna ɗari huɗu, wallahi ko a tsakiyar bazara ba su taɓa kai wannan ba!"

Ebbe ya ce, "Ƙarya ne! Makirci ne! Kawo in ci a gabanku."

Ya yanko ƙato ya tura a baki. Hancinsa ya mutu, amma harshe da maƙogwaro suna nan da ransu. Ya tsaya cak, kumatu a cike, ido ya firfito. Ya rasa ta haɗiyewa, ya rasa ta tofarwa a gaban mutum tamanin. Garin neman kofi ya ture butar, ta bi ta kan kek na biyu da na uku. Daga nan zauren ya watse. Tsofaffi suka bi babbar ƙofa, matasa suka bi ta kicin, Verner da wasu maza biyu suka dira ta taga, kowa da farantinsa a hannu, don ɗan ƙauyenmu ko gobara ake ba ya barin kek.

Muka rage mu huɗu: ni, da Ebbe, da Metha da ta toshe hanci da hankici amma ta ƙi matsawa daga kusa da mazaunina, da Malama Tove. Malama ta zagayo a hankali, ta ɗaga kwalbar da ya bari a kan kantar kicin, ta karanta, ta ajiye.

"Ebbe, tofar a nan. Yawwa. To, jarrabawa ta ƙarshe. Gishirin nan abu nawa ne?"

Ya ce da dasasshiyar murya, "Ɗaya."

"Da ya ji zafi ya zama uku. Tururi, da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, su suka ɗaga maka kek ɗin. Na ukun amoniya, ita ce ta kori jama'a. A biskit siriri duka ukun ficewa suke yi, ba a bar komai ba. Kai kuwa ka gina musu gida mai kauri, ka rufe ƙofa da kirim. Ɗaya ya shiga, uku suka fito. Wane iri ne?"

Ya dubi babbar ƙofa, ya dubi ta kicin, ya dubi tagar da labulenta ke kaɗawa. Ya ƙirga da yatsu.

"Taro ɗaya ya shigo," ya ce a hankali, "ya fita kashi uku."

"Wato?"

"Rarrabuwa."

"Madalla. Shekara talatin da ɗaya da kwana shida. Na taɓa samun mai jinkiri, amma kai ne zakara."

Metha ta cire hankici ta ce, "Shugaba, ba don in katse ku ba, amma yanka biyu aka ci. Biyun ma ɗaya ya dawo."

Aka kwashe sauran kek da biskit goma sha uku aka kai waje kan ciyawa, aka ci a tsaye cikin iska. Kwamiti ya zauna a ƙarƙashin bishiya. Ebbe ya sulale ya shige mota, ya zame a kujera har ba a ganin komai sai tabarau. Zaman bai kai minti biyar ba, doka ce kowa ya sani. Malama ta riƙe hannuna mai lafiya ta ce ta so a ce akwai wata hanya. Na ce babu, kuma ba na neman alfarma. Verner ya taimake ni ya juye kek ɗin a bokiti, ya ce zai binne shi da kansa, don ba zai ba dabbobinsa ba. Na wanke farantin uwata da hannu ɗaya a famfon waje, ina jin muryar Metha tana tambayar wata ko kirim nawa ake sa wa na mazaunin farko. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Na shiga mota na ɗora farantin a cinya. Ebbe ya ɗago kai.

"Me suka ce?"

"Ba Komai."

Nan take ya miƙe zaune, ya gyara wuyan riga. "Kin gani! Ai na san ba za su ce komai ba. Wa zai iya? Sun ga tsayi. Kuskuren ɗan ƙanƙani ne, Dagny, na lissafi. Baɗi rabin kwalba zan sa, in huda shi ta sama iskar ta samu hanya. Kin ji yadda na ba Malama amsa kuwa? Tak, ba gargada. Ita kanta sai da ta ce ni ne zakara."

Haka ya yi ta zuba har gida. Muka shiga kicin. Na jawo kujera na taka, na ce ya riƙe mini ita. Na ɗaga farantin mai shuɗin baki da hannu ɗaya na tura shi can saman kabad, inda muke ajiye abin da ba a amfani da shi. Sannan na laluba na sauko da ɗan ƙaramin gwangwanin biskit, na hure ƙurar da ke kansa, na ajiye a kan tebur.

Ebbe ya dubi gwangwanin. Ya ɗaga kai ya dubi farantin. Ya sake duban gwangwanin, na ga leɓensa na maimaita abin da na faɗa masa a mota. Bakin nan da bai taɓa rufuwa ba tun ranar aurenmu ya rufu. Ya cire tabarau daga goshi, ya tuɓe farar rigar, ya ninke ta ya ajiye a kan kujera.

Ya ce, "Dagny. Yi haƙuri."

Na buɗe baki in ba shi amsar da ake bayarwa, sai na ji a bana kam kalmar nan ta fi ƙarfin bakina. Na nuna masa kwanukan kwana shida da suka cika wurin wanke-wanke har ƙasa. Ya naɗe hannun riga, ya fara da kwanon yis. Ya wanke su tas, ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga kowanne ga hasken taga yana dubawa, ko ɗigon tabo bai bari ba. Wannan kam, duk gundumar nan babu wanda ya kai shi.